Bambancin ƙwayar halittar tsiro da ta dabba, da dalilin da ya sa taki ke ƙone tumatir

Wata ɗaliba 'yar aji ɗaya na babbar sakandare, daga wani ƙauye a ƙasar Garun Malam, ta aiko da wannan tambaya: "Malam, an zana mana sel na tsiro da na dabba a allo, an ce mu haddace sassansu da aikin kowanne. Makarantarmu ba ta da madubin likita. Ina haddacewa, bayan kwana biyu sai ya zube. Kuma bana babana ya sa wa tumatirinsa taki, washegari wasu suka yi yaushi alhali ƙasar da damshi. Malaminmu ya ce abin yana da alaƙa da darasin, amma aka kaɗa ƙararrawa bai ƙarasa ba."

'Yata, Allah ya yi miki albarka. Malaminku gaskiya ya faɗa, kuma tumatirin babanki zai koya miki wannan darasi fiye da zanen allo. Haddar tana zubewa ne saboda an ba ki sunaye ba a ba ki dalili ba. Dalilin kuwa guda ɗaya ne. Tsiro a tsaye yake inda aka shuka shi, ba shi da ƙashi, ba ya zuwa neman abinci, dole ya haɗa nasa da kansa. Dabba tana yawo, tana cin abin da wani ya haɗa. Kusan duk bambancin da aka rubuta muku a allo daga nan ya samo asali, don haka duk sunan da zan kawo ki riƙa tambayar kanki: wannan mai tsayuwa ne ke buƙatarsa, ko mai tafiya, ko dukansu?

Ƙwayar halitta, wadda littafinku ke kira sel, ita ce mafi ƙanƙantar abin da za a ce yana da rai. Wani Bature ɗan Ingila, Robat Huk, shi ya fara ganinta a shekarar 1665, da ya yanko ɓawon itacen da ake toshe bakin kwalba da shi ya sa a ƙarƙashin madubi. Abin da ya gani ma bango ne kawai na ƙwayoyin da suka riga suka mutu, 'yan ɗakuna a jere babu kowa a ciki. Sai a 1838 da 1839 wasu Jamusawa biyu suka bayyana cewa tsiro da dabba duk da irin waɗannan ƙwayoyi aka gina su. A jikin mutum baligi akwai kimanin tiriliyan 30. Jajayen ƙwayoyin jini, in aka jera su, fiye da 100 ne za su cika milimita ɗaya, wato tazarar da ke tsakanin ƙananan layuka biyu a kan rularki. Na albasa sun fi girma, uku ko huɗu sun isa. Akwai ma waɗanda ido ke gani. Gwaiduwar ƙwan kaza ƙwaya ɗaya ce da aka cika ta da abinci, kuma kowane silin auduga ƙwaya ɗaya ce da ta yi tsawo.

A wata makarantar ƙauye da na koyar shekarun baya, madubi ɗaya tak muke da shi, a kulle cikin kabad, ba a taɓa fito da shi ba don tsoron kada ya lalace. Na roƙa aka ba ni. Irin mai 'yar madubin haska rana ne a ƙasa, ajin kuma duhu, sai muka ɗauki benci muka koma gindin darbejiya. Na ɓare albasa, na zare siririyar fatar nan ta ciki mai kama da leda, na shimfiɗa ta a kan gilashi, na ɗiga aidin. Yara suka yi layi. Wani yaro da bai taɓa ɗaga hannu a aji ba ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba, can ya ce, "Malam, ai bulo ne aka jera!" Haka kuwa abin yake, layi-layi kamar ginin bulo, kowanne da ɗan ɗigo mai duhu a gefe. Sai na sa wata yarinya ta kankaro cikin kumatunta da tsinken ashana mai tsabta, muka ɗiga shuɗin rini muka duba. Nan ba bulo, sai wasu abubuwa barkatai kamar an fasa ƙwai a kasko, ko wanne da tasa siffar. Daga ranar ban ƙara shan wahalar bayyana wa wannan ajin bangon ƙwaya ba.

Mu fara da abin da kowace ƙwaya ke da shi, ta tsiro ko ta dabba: wani siririn tantani da ya lulluɓe ta. Cikinsa akwai ruwa mai kauri-kauri da ake kira saitofilazim, wanda sauran kayan ke ciki. Wannan tantani ba rufi ba ne kurum, shi ke zaɓen abin da zai shiga da wanda zai fita. Ruwa yana ratsa shi cikin sauƙi, amma gishiri da sukari sai an buɗe musu ƙofa ta musamman. Daga nan wata ƙa'ida ta fito, wadda in kin riƙe ta kin riƙe rabin darasin: ruwa yana barin inda gishiri ko sukari ya yi kaɗan, ya ratsa tantani, ya koma inda suka fi yawa. Ita ce osmosis da za ki gani a jarrabawa. Kin sha ganinta a madafa. In kika yanka kokwamba ko albasa kika barbaɗa gishiri, kafin a jima kwanon ya tara ruwa. Wanda ya taɓa zuba wa matsattsaku gishiri a fadama shi ma ya ga yadda take motsewa ta saki ƙafa.

To yanzu ga abin da tsiro ya ƙara. A bayan tantanin nan yana da bango mai ƙarfi da aka saƙa da wani zare, selulos. A tsakiyar ƙwayar kuma akwai wata babbar jakar ruwa, bakiyol, wadda a ƙwayar da ta girma kan cinye mafi yawan wurin, har ta tura sauran kayan su manne a jikin bango. Shi ya sa ɗigon nan mai duhu na albasa yake a gefe. Ruwan cikin jakar yana da gishiri da sukari fiye da ruwan ƙasa, don haka ruwa ke ta shiga, jakar ta kumbura, ta danna bango, bangon ya ƙi ba da kai. Ki tuna da ƙafar keke. Tub shi kaɗai in aka yi ta buga masa iska fashewa zai yi, taya ita kaɗai kuma ba ta ɗaukar ko yaro, amma tub mai iska a cikin taya yana ɗaukar mutum da buhun masara. Da wannan matsi ganyen tumatir ke miƙewa, da shi dashe ke tsayuwa ba tare da ƙashi ba. Yaushi kuwa sacewar tub ne. Idan kika cika tukunya da alayyafo kika ɗora a wuta, kika dawo kika tarar da ɗan kaɗan a gindin tukunya, zafi ne ya kashe tantanin, ruwan jakunkunan ya tsiyaye.

Ga abin da nake kyautata zaton ya sami gonar babanki. Takin zamani, kamfa ne ko yuriya, in ya narke yana yin aiki irin na gishiri. Idan aka zuba shi da yawa, ko aka manna shi a gindin shuka, ruwan da ke kewaye da saiwa sai ya fi na cikin saiwar ƙarfi. Nan take tafiyar ruwa ta juya: maimakon ya shiga saiwa, sai ya riƙa fita. Jakunkunan su sace, tantani ya janye daga jikin bango, shuka ta yi yaushi ƙasa na jiƙe. Ƙishirwa ce ke kashe ta a tsakiyar ruwa. Yuriya kuma tana da ƙarin illa, domin tana sakin iskar amoniya mai ƙona 'yan ƙananan saiwoyi, musamman a zafi. Maganin abin shi ne a ba da tazarar kamar faɗin tafin hannu daga gindin, a tona a binne takin, a raba shi kashi biyu ko uku maimakon a juye lokaci ɗaya, a kuma yi ban ruwa bayan an sa. In abin ya riga ya faru, a sako ruwa sosai ya wanke, wanda bai yi nisa ba zai farfaɗo.

Sai dai ki faɗa wa babanki kada ya ɗora wa taki laifin kowane yaushi. Akwai cutar da ke toshe hanyoyin ruwa a cikin karan tumatir, ita ma tana sa yaushi ƙasa na da damshi, kuma tana zama a ƙasar da ake maimaita tumatir, tattasai da attaruhu shekara da shekaru, kamar yadda ake yi a filayen noman rani na Kadawa da Kura. Ya yanko karan wanda ya yi yaushi daga kusa da gindi, ya tsoma bakin yankan a kofin gilashi mai ruwa garau, ya jira 'yan mintoci. In ya ga wani farin abu kamar madara yana zirarowa, cuta ce ta bakteriya, a tuge a fitar daga gonar. Amma tun da kin ce washegarin sa taki abin ya faru, na fi zargin takin.

Ƙwayar dabba ba ta da wannan bango, kuma rashinsa ne ya ba ta damar lanƙwasa da motsi. Da ƙwayoyin tsokarki suna da bangon selulos da ba ki iya murɗa hannu ba. Jar ƙwayar jini tana naɗewa ta kutsa ta jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta, farar ƙwayar jini tana miƙa jiki ta haɗiye ƙwayar cuta. Amma rashin bango yana da nasa hatsarin: in aka sa jar ƙwayar jini a tsurar ruwa, za ta yi ta sha har ta fashe, tub ne babu taya. Shi ya sa ruwan da ake ƙara wa mara lafiya a asibiti ba tsurar ruwa ba ne. Wanda aka fi amfani da shi yana da gishiri giram 9 a kowace lita, daidai da ƙarfin ruwan jini. Ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa shi ma aikin tantani ne: a ƙwayoyin hanji akwai ƙofar da ba ta shigar da gishiri sai tare da sukari, in sun shiga sai ruwa ya bi su. Don haka ake cewa a haɗa shi daidai yadda aka rubuta a jikin fakitin, kada a ƙara gishiri don neman saurin warkewa.

Bangon nan na selulos shi ne kara, shi ne harawa, shi ne audugar zanenki da takardar littafinki. Da sukari aka saƙa shi, amma cikin mutum ba shi da abin kwance saƙar. Saniya ma ba da kanta take kwancewa ba. A tumbinta akwai ƙananan halittu masu ɗimbin yawa da ke yi mata aikin, ita nata ta dawo da abincin baki ta yi tuƙa ta ƙara niƙa musu. Idan shuka ta tsufa, bangon yana ƙara tauri da wani sinadari, liginin, wanda ko halittun tumbi ba sa iya masa. Wannan ne dalilin da harawar wake ko ta gyaɗa da aka ɗaure tun tana shar take ƙiba da rago, busasshen karan dawa kuwa sai dai ya cika ciki.

Abu na uku da tsiro ya keɓanta da shi shi ne kulorofilas, 'yan ƙananan abubuwa kore da ke cike a cikin ƙwayoyin ganye. A cikinsu ne ake kama hasken rana, a haɗa ruwa da iskar kabon dayoksaid, a fitar da sukari da iskar oksijin. Duk tuwon da kika taɓa ci daga nan ya faro. Koren launin kansa, kulorofil, ba ya haɗuwa sai da naitirojin, shi ya sa masarar da ta rasa taki ganyenta na ƙasa ke fara yin rawaya, in aka sa mata yuriya, wadda kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne, cikin 'yan kwanaki sai ta dawo shar. Iskar kuwa tana shiga ganye ne ta wasu 'yan ƙofofi, kowacce da ƙwayoyi biyu masu siffar wake a bakinta. In sun cika da ruwa sai su lanƙwashe ƙofa ta buɗe, in ruwa ya yi ƙaranci su saki ta rufe. Gero, dawa, masara da rake suna da wani tsari na musamman, wasu ƙwayoyi masu kulorofilas da suka yi wa jijiyoyin ganye zobe suna tara iskar, don haka suna iya ci gaba da aiki a zafin da zai gajiyar da wasu. Alkama ba ta da wannan tsari, kuma ba ta son zafi, shi ya sa a Kadawa da kwarin Haɗeja sai da sanyin hunturu ake noman ta. Nunar tumatir ma a nan take faruwa: kulorofilas ɗin cikin ɗanyen tumatir ne ke zubar da korensu su tara jan launi.

A nan ɗalibai ke faɗawa rami biyu, kuma ina roƙonki kada ki bi su. Na farko, su ce kowace ƙwayar tsiro tana da kulorofilas. Saiwa ba ta da shi, fatar albasar nan da muka duba ma ba ta da shi, domin rana ba ta kai musu. Na biyu ya fi muni: su ce tsiro yana da kulorofilas, dabba kuma tana da maitokondiriya, kamar an yi rabon gado. A'a. Maitokondiriya kowa yana da ita. Ita ce ke ƙona sukari da oksijin ta fitar da ƙarfin da ƙwaya ke aiki da shi, dare da rana, a zuciyar bijimi da kuma a saiwar gero. Saiwa tana numfashi. Idan ruwa ya kwanta a gonar masara kwana da kwanaki, iska ta ƙare a ƙasa, saiwar ta shaƙe, masarar ta yi rawaya ta mutu. Shinkafa tana tsira ne saboda tana da hanyoyin iska a cikin jikinta da ke saukar da oksijin daga ganye zuwa saiwa.

Wannan batu ba na jarrabawa ba ne kaɗai, yana kashe dukiya. Makiyaya sun daɗe da sanin cewa gyauron dawa yana kashe dabba. Ƙaramar dawa, musamman wadda ta sake tohowa bayan girbi ko wadda fari ya taɓa, tana ajiye wani sinadari a jakunkunan ruwan wasu ƙwayoyinta, abin da zai kunna shi kuma yana wasu ƙwayoyin dabam. Muddin ganyen lafiya lau yake, ba sa haɗuwa. Da akuya ta tauna, ƙwayoyin suka farfashe, sai su gauraya su saki gubar sayanaid. Gubar tana zuwa kai tsaye ta tsayar da maitokondiriya, sai dabba ta kama haki da karkarwa, jininta cike da oksijin amma jikin ya kasa amfani da shi, wani lokaci ta faɗi kafin a ɗebo wuƙa. Don haka kada a saki dabba a gyauron da bai wuce gwiwa ba, in kuma an yanko a bar shi ya bushe sosai tukuna. Rogo mai ɗaci irin wannan dabarar yake yi, shi ya sa ake jiƙa shi a shanya. Hawayen da albasa ke sa ki ma haka ne, abu biyu ne a rabe cikin ƙwaya, wuƙarki ce ke haɗa su. Tsiro ba shi da ƙafar gudu, sai ya ajiye makaminsa a jaka.

Ɗigon nan mai duhu shi ne nukiliyas, kuma a cikinsa ne umarnin gina halittar yake a rubuce, a kan wasu zaruruwa da ake kira kuromosom. Mutum yana da 46, rabi daga uwa rabi daga uba. Saniya da akuya 60, tunkiya 54, dawa da masara 20, gero 14. Kin ga yawan ba shi ne daraja ba, kaza ma tana da 78. Abin da aka rubuta shi ne magana, kuma kuskuren harafi ɗaya yana iya canza rayuwa. Cutar sikila, amosanin jini, daga irin wannan canji guda take a umarnin haɗa sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini. Jar ƙwayar mai ita takan lanƙwashe kamar lauje ta yi tauri, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi, kuma maimakon kwana kusan 120 da lafiyayya ke yi, ita kwana 10 zuwa 20 take mutuwa. Idan AS, wato mai ɗauke da gadon cutar daga ɓangare ɗaya, ya auri AS, kowane ciki yana da hatsarin kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai cutar. Kowane ciki na ce, ba wai in an haifi ɗaya mai ita sauran ukun sun tsira ba. Na ga gidajen da wannan rashin fahimta ya jefa cikin wahala, shi ya sa ba na wuce darasin nukiliyas ban yi wa ɗalibaina maganar gwajin jini kafin aure ba. Ki kuma riƙe cewa jar ƙwayar jinin mutum da ta saniya in ta balaga ba ta da nukiliyas, ta kaza kuwa tana da shi. Masu shirya jarrabawa suna son wannan.

Sauran ba sai mun daɗe ba. Raibosom su ke haɗa furotin bisa umarnin nukiliyas. Akwai wasu tantanai masu ninki-ninki da ke karɓar abin da aka haɗa, sai Golgi ya gyara ya ƙunshe ya aika waje, kuma ƙwayoyin hantsar saniya mai shayarwa cike suke da su. Laisosom yana narkar da shara da ƙwayoyin cuta, an fi ganinsa a dabba. Santiriyol na dabba ne, yana aiki lokacin rabuwar ƙwaya, shuke-shuken gona ba su da shi. Tsiro yana ajiye rarar abincinsa a matsayin sitaci, wanda shi ne garin gero da na rogo, dabba kuma tana ajiye nata a matsayin gilaikojin a hanta da tsoka, da kuma kitse. In za ki yi zane, ki yi wa ƙwayar tsiro layi biyu, bango a waje, tantani a ciki, domin ɗalibai da yawa suna zana bango su mance tantani, maki ya tafi.

Rashin madubi ba zai hana ki gwaji ba. Ki samo dankalin Turawa guda, ki fere, ki yanka sala huɗu masu tsawo da kauri ɗaya kamar ɗan yatsa, ki auna su da rula ki rubuta. Biyu ki sa a kofin ruwan rijiya, biyu a kofin da kika narkar da gishiri babban cokali biyu. Bayan awa ɗaya ki fito da su ki lanƙwasa. Na ruwan rijiya za su yi tauri har su karye, na gishiri za su yi laushi kamar roba, tsawonsu ma ya ɗan ragu. Sai ki yi kofi na uku da yuriyar babanki ko kamfa a madadin gishiri, ki sa wata sala a ciki, ki bar shi a inda ƙannenki ba za su kai ba, ki wanke hannu bayan kin gama, ki kira babanki ya lanƙwasa salar da kansa.